Yadda Aka Yi Waƙar "A Whiter Shade of Pale" da Abin da Ya Kai Ta Kan Gaba a 1967

Tambaya: Na sha jin ana cewa a shekarar 1967 wata ƙungiyar mawaƙa da ba wanda ya san ta a Ingila ta fitar da faifanta na farko mai suna "A Whiter Shade of Pale", kuma kafin wata guda ya cika faifan ya zarce na kowa a kasuwa. Yaya aka yi waƙar, kuma me ya jawo mata irin wannan karɓuwa?

Amsa: Malam, abin da ka ji haka yake. Sunan ƙungiyar Procol Harum, faifan ya fito ranar 12 ga Mayu 1967, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin faifan da suka fi kasuwa a Birtaniya ranar 8 ga Yuni, ya kuma zauna a wurin har mako shida. Sai dai duk wanda yake son ya gane yadda hakan ta faru, dole ya raba abubuwa biyu da mutane suka saba haɗawa, wato waƙar da aka rubuta a takarda da kuma sautin da aka kama a faifai. A ganina na biyun ne ya sayar da ita, kuma rashin bambance su tun farko shi ne ya kai waɗanda suka yi ta gaban alƙali bayan shekara kusan arba'in.

Zamanin da waƙar ta fito a cikinsa, wanda ake kira na saikedelik, ɗan gajeren lokaci ne, kusan daga 1966 zuwa 1968, lokacin da matasan mawaƙan Landan suka gaji da waƙoƙin soyayya na minti biyu da rabi, suka shiga neman sautin da zai sa mai sauraro ya ji kamar yana cikin mafarki. Asalin kalmar tana da alaƙa da ƙwayar LSD mai juya hankali, wadda gwamnatin Birtaniya ta haramta a 1966, amma a harkar kiɗa ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da juya tef ya yi tafiyar baya, da shigo da kayan kiɗan Indiya, da baitocin da ba su da labari miƙaƙƙe. A watan Fabrairun 1967 ƙungiyar Beatles ta fitar da "Strawberry Fields Forever", wadda aka shafe makonni ana gina ta a situdiyo, har aka haɗa ɗauka biyu masu saurin kiɗa daban aka mai da su waƙa ɗaya. Kunnen jama'a ya riga ya fara sabawa da baƙon abu ke nan lokacin da Procol Harum ta bayyana.

Jagoran ƙungiyar, Gary Brooker, ba sabon shiga ba ne, ko da yake shekarunsa 21 kawai a lokacin. Ya yi shekaru yana kaɗa piyano yana rera waƙa a wata ƙungiya ta garin Southend mai suna Paramounts, wadda sana'arta ita ce maimaita waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka, kuma ta watse a 1966 ba tare da ta yi wani babban tashe ba. Daga can ya samo irin muryar da ake ji a faifan, murya mai ɗan dishi da nauyi irin ta mawaƙan da suka taso a cocin kudancin Amurka. Bayan watsewar ne wani ɗan harkar faifai mai suna Guy Stevens ya haɗa shi da Keith Reid, saurayi ɗan shekara 20 wanda ba ya kiɗa, ba ya rerawa, aikinsa rubuta baiti kawai. Niyyarsu ta farko ita ce su riƙa rubuta waƙa suna sayar wa wasu, da ba su samu masu saye ba sai suka yanke shawarar kafa ƙungiya ta kansu. Sunan ma daga wata kyanwa ta wani abokin Stevens aka aro shi, kuma Reid ya zama cikakken ɗan ƙungiya duk da cewa ba ya riƙe kowane kayan kiɗa, abin da ba a saba gani ba a wancan lokaci.

Reid ya ce a wajen wata liyafa ya tsinci kan waƙar, inda ya ji ana gaya wa wata mace cewa fuskarta ta ƙara yin fari fat, kuma ma'anar sunan ke nan, wato farin da ya wuce koɗewa. Baitocin suna kewaya wani dare ne tsakanin namiji da mace, da rawa, da jiri, da ɗaki mai juyawa, da hotunan teku da jirgin ruwa, ba tare da an taɓa faɗa wa mai sauraro abin da ya faru ƙarara ba. Ya rubuta baiti huɗu, amma biyu kawai aka ɗauka, domin faifan kasuwa ba ya jure tsawo, kuma ko da hakan waƙar ta kai minti huɗu. Ina ganin wannan yankan ya taimaki waƙar fiye da yadda ya cuce ta, saboda baitocin da aka zubar sun fi fayyace labarin, waɗanda aka bari kuma sun bar wa kowa sarari ya sa tasa fassarar. Mutane da yawa sun ɗauka maye ne ya haifi kalmomin, amma Reid ya musanta, ya ce karance-karancensa ne suka yi masa tasiri.

Kiɗan da Brooker ya ɗora wa baitocin yana tafiya ne a kan wani tsohon tsari na Turai, inda sautin ƙasa mai kauri yake saukowa mataki-mataki, do, ti, la, so, fa, mi, re, do, kamar mai saukowa daga bene a natse, sannan ya koma sama ya sake farawa. Brooker bai ɓoye cewa wani sanannen kiɗa na Johann Sebastian Bach, Bajamushen da ya rasu a 1750, yana cikin kansa lokacin da yake lalubar karin a piyano ba, wato sashe na biyu na tarin kiɗansa na uku na babbar ƙungiyar makaɗa, wanda a waɗancan shekarun ake jin sa kullum a wata tallar taba a talabijin ɗin Birtaniya. Amma kuskure ne a ce kwafa aka yi, domin bayan matakan farko hanyoyin biyu sun rabu. Abin da wannan saukowar take yi wa mai sauraro shi ne ta sa shi jin cewa ya san inda za a, ko da bai taɓa jin waƙar ba, kuma wannan natsuwar ce take riƙe shi yayin da kalmomin suke ruɗa shi.

A nan ne makaɗin ogan Matthew Fisher ya shigo, kuma a nan nake son ka dakata sosai. Brooker da Reid sun riga sun kammala waƙar, sun ma miƙa haƙƙin mallakarta ga kamfanin Essex Music, kafin su samu Fisher ta hanyar talla a jaridar mawaƙa ta Melody Maker. Shi ma shekarunsa 21, ya ɗan yi karatun kiɗa, yana ƙaunar Bach, sannan yana da abin da samari kaɗan ne suka mallaka a lokacin saboda tsadarsa, wato ogan ɗin Hammond samfurin M-102. Wannan na'ura an ƙirƙiro ta ne a Amurka a shekarun 1930 domin cocin da ba su da kuɗin sayen babban ogan mai bututu. A cikinta akwai ƙananan faya-fayan ƙarfe masu haƙora da suke juyawa a gaban maganaɗisu, kowanne yana haifar da sauti guda, makaɗi kuma yana da wasu sanduna da yake ja ko turawa domin ya gauraya sautukan yadda yake so. Ana haɗa ta da lasifikar Leslie, wadda bakinta yake juyawa a cikin akwati, don haka sautin yake zuwa yana kaɗawa kamar ana kusanto da shi ana nisantawa. Bambancinta da piyano shi ne sautin piyano yana fara mutuwa daga lokacin da aka buga shi, na ogan kuwa yana nan daram muddin yatsa yana kan maɓalli, shi ya sa yake iya jan dogon numfashi kamar muryar mutum.

A lokacin gwaji ne Fisher ya ƙirƙiri karin nan da yake buɗe waƙar, wanda yake dawowa tsakanin baitoci ya kuma raka ta zuwa ƙarshe. Ya ɗauki ƙamshin Bach, har da ɗan kwalliyar da ake ji a wani kiɗansa na coci mai lamba 140, ya saƙa nasa a kan matakan da Brooker ya shimfiɗa. Kusan daƙiƙa talatin na farko babu muryar kowa, ogan ne kaɗai yake magana, kuma idan ka tambayi duk wanda ya san waƙar ya rera maka ita, yawanci wannan karin zai fara yi da hanci kafin ya tuna kalma ɗaya. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa faifan ya fi takardar.

An yi ɗaukar a situdiyon Olympic da ke Landan a bazarar 1967. Furodusa shi ne Denny Cordell, wanda ya riga ya yi aiki da Georgie Fame da ƙungiyar Move, injiniyan sauti kuma Keith Grant. Brooker yana kan piyano da rerawa, Fisher a kan ogan, Ray Royer da jita, David Knights da jita mai kaurin sauti. Da yake ƙungiyar ba ta tsayar da makaɗin ganga ba tukuna, sai aka ɗauko Bill Eyden, gogaggen makaɗin jaz, aka biya shi ladan aikin ranar. Abin da yake ba ni sha'awa har kullum shi ne cewa a zamanin da kowa yake gasar dabarun situdiyo, wannan waƙa a tsaye aka yi ta, kowa yana kiɗa lokaci guda, ɗauka biyu kacal, ba a dawo an ɗora wani abu a kai ba. Bayan 'yan kwanaki, da suka samu makaɗin ganga nasu mai suna Bobby Harrison, sun sake ɗaukar ta a wani situdiyo mai suna Advision, amma da aka saurara sai aka ga ta farkon ta fi rai, aka ajiye ta biyun. Harrison ya fito ne kawai a waƙar da ke bayan faifan, "Lime Street Blues". Idan ka kasa kunne ga gangar Eyden za ka ji yadda yake ɗan jinkirta duka, yana cika gurbi da gajerun birgima kafin amshi, wanda hakan ya hana waƙa mai tafiyar hawainiya irin wannan zama ta jana'iza.

Sai maganar yadda ta isa kunnen jama'a, wadda ba za a gane ta ba sai an san halin da rediyo yake ciki a Birtaniya a lokacin. BBC ce kaɗai take da izinin watsa shirye-shiryen rediyo a cikin ƙasar, kuma yarjejeniyar da ke tsakaninta da kamfanonin faifai da ƙungiyar makaɗa ta ƙayyade sa'o'in da za ta iya sa faifai a mako, domin kada makaɗan da suke kiɗa kai tsaye su rasa abinci. Sakamakon haka matashin da yake son jin sababbin waƙoƙi ba ya samun abin da ya ishe shi. Wasu 'yan kasuwa suka ga wannan giɓi, suka sa na'urorin watsa shiri a cikin jiragen ruwa, suka girke su a teku can bayan iyakar ruwan Birtaniya inda doka ba ta kai ba, suna sa faifai dare da rana. Su ne aka laƙaba wa suna rediyon 'yan fashin teku. Radio Caroline ta fara a 1964, Radio London kuma ta biyo baya a ƙarshen shekarar, tana watsawa daga wani tsohon jirgin sojan ruwan Amurka da aka girke daura da gaɓar Essex, kuma miliyoyin mutane ne suke sauraron su.

Cordell yana da shakka a kan yadda sautin zai fita a ƙaramar rediyo, musamman ƙarar faya-fayan tagulla na ganga, don haka ya aika wa Radio London kwafin gwaji tun kafin faifan ya shiga kasuwa. Da aka sa shi, masu sauraro suka yi ta neman a gaya musu waƙar wane ne da inda za su same ta, wannan ne kuma ya sa kamfanin Deram, reshen da Decca ta buɗe a 1966 domin sababbin salo, ya gaggauta fitar da shi. Ka lura da ƙurewar lokacin. Dokar da ta haramta wa 'yan Birtaniya yin aiki da waɗannan jirage ko ba su talla ta fara aiki a tsakiyar Agustan 1967, Radio London ta rufe ranar 14 ga watan, BBC kuma ba ta buɗe tasharta ta matasa, Radio 1, ba sai ranar 30 ga Satumba. Da faifan ya makara da wata uku ko huɗu, da ƙofar da ya bi ya shiga ta riga ta rufe. Waƙar tana cikin na ƙarshe-ƙarshe da jiragen nan suka ɗaga daga ƙasa zuwa sama.

Game da jadawalin kansa, a 1967 babu guda ɗaya tilo da kowa ya yarda da shi. Jaridun New Musical Express da Melody Maker da Record Retailer kowacce tana tattara nata daga rahoton shagunan sayar da faifai, sai a 1969 aka samar da na bai ɗaya, kuma lissafin Record Retailer ne ake komawa gare shi yau idan ana maganar waɗannan shekaru. A wannan lissafi Procol Harum ta karɓi matsayi na ɗaya daga hannun ƙungiyar Tremeloes, ta riƙe shi har zuwa tsakiyar Yuli, lokacin da Beatles suka sauke ta da "All You Need Is Love". Makonnin nan shida sun faɗo daidai da fitowar kundin Sgt. Pepper na Beatles, wanda ba a ciro waƙa ko ɗaya daga cikinsa an sayar a ƙaramin faifai ba a lokacin, don haka filin ƙananan faya-fayai ya kasance a buɗe a daidai watan da jama'a suka fi ƙishirwar sabon sauti. A Amurka ta kai matsayi na biyar, ta zo ta ɗaya a ƙasashe da dama da suka haɗa da Faransa da Jamus da Ostireliya, kuma an ƙiyasta cewa an sayar da kwafi fiye da miliyan 10 a duniya. Cin kasuwarta a ƙasashen da ba a jin Turanci hujja ce a wurina cewa ba kalmomin ne suka ja mutane ba.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambata ba, shi ne cewa waƙar ta samu masu saye daga ɓangarori biyu da ba sa haɗuwa. Matasa masu neman baƙon abu sun ji baitoci masu kama da mafarki sun ce tasu ce, iyayensu kuma, waɗanda a farkon wannan shekarar suka sayi "Release Me" ta Engelbert Humperdinck har ta hana Beatles hawa na ɗaya, sun ji sautin coci da kari mai taushi da za a iya yin rawar hannu da shi. Faifan da ya tsaya a ɓangare ɗaya yana iya shiga goma na farko, amma zama mako shida a sama yana bukatar duka biyun.

Nasarar ta zo wa ƙungiyar da sauri fiye da shirinta. Tun faifan yana kan ganiyarsa aka rabu da Royer da Harrison, Brooker ya ɗauko tsofaffin abokansa na Paramounts, Robin Trower da B.J. Wilson, suka maye gurbinsu. Faifansu na biyu, "Homburg", ya kai na shida a Birtaniya, wanda a wurin kowace sabuwar ƙungiya abin murna ne, amma a wurinsu aka ɗauke shi kamar koma baya. Kundinsu na farko da aka fitar a Birtaniya bai ma ƙunshi shahararriyar waƙar ba, bisa al'adar lokacin ta raba ƙaramin faifai da kundi. Ita kuwa waƙar ta ci gaba da rayuwarta: ta sake shiga jadawali a 1972 ta kai na 13, a 1977 aka ba ta lambar faifan Birtaniya mafi kyau na shekara 25 tare da "Bohemian Rhapsody" ta Queen, a 2009 kuma hukumar da ke karɓar kuɗin sa faifai a bainar jama'a ta bayyana ta a matsayin wadda aka fi sawa a wuraren taruwa a Birtaniya cikin shekara 75.

Duk tsawon wannan lokaci sunaye biyu ne a rubuce a matsayin mawallafa, Brooker da Reid, kuma a tsarin haƙƙin mallaka mawallafi ne yake cin kaso duk lokacin da aka sa waƙa a rediyo, ko aka yi amfani da ita a fim, ko wani ya sake rera ta. Fisher ya bar ƙungiyar a 1969, daga baya ya koma aikin rubuta manhajar kwamfuta, sai a 2005 ya shigar da ƙara yana neman a amince cewa shi ma mawallafi ne. A Disambar 2006 Babbar Kotu a Landan, bayan an kawo kayan kiɗa cikin zauren shari'a an kaɗa wa alƙali, ta yanke cewa karin ogan ɗin gudummawa ce ta daban mai nauyi, ta ba shi kashi 40 cikin 100 na haƙƙin kiɗan, ban da na baitoci. A 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda cewa mawallafi ne, amma ta hana shi kuɗi saboda ya yi shiru shekara 38. Ranar 30 ga Yuli 2009 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli, suka soke wannan ɓangare baki ɗayansu, suka ce jinkirin bai cutar da waɗanda ake ƙara ba, hasali ma sun ci moriyarsa, don haka Fisher yana da haƙƙin kasonsa daga lokacin da ya tashi nema, ba na shekarun da suka shige ba.

Ina fahimtar ɓacin ran Brooker, wanda ya yi gargaɗin cewa irin wannan hukunci zai sa kowane makaɗi da ya ƙara ado a waƙa ya tashi neman kaso, kuma gaskiya ne cewa ba tare da matakansa da muryarsa ba Fisher ba shi da abin da zai gina a kai. Amma ina tare da alƙalan, domin akwai bambanci tsakanin makaɗin da ya ƙawata abin da aka ba shi da wanda ya kawo karin da jama'a suke gane waƙar da shi tun daga daƙiƙar farko. Brooker ya rasu a Fabrairun 2022, Reid ya bi shi a Maris ɗin 2023, kuma tun bayan shari'ar sunaye uku ake rubutawa a ƙarƙashin waƙar: Brooker, Reid da Fisher.